Gahawar Addis Ababa

Jama'a, har yau ƙamshin gahawar nan bai bar hancina ba. A Addis Ababa wata dattijuwa ta kai mu gidanta, ta baza ɗanyar ciyawa a ƙasa, ta kunna turaren wuta. A gabanmu ta soya ƙwayar gahawa a kan garwashi, ta zagaya da kaskon kowa ya shaƙi hayaƙin, sannan ta daka, ta dafa a butar yumɓu da suke kira jebena. Sau uku ake sha, na ukun sunansa baraka.

Da aka kawo injera, wata faffaɗar wainarsu mai ɗan tsami, sai ta naɗo loma ta sa min a baki da hannunta. Gursha suke ce masa. Wallahi kakata na tuna, idona ya ciko da ƙwalla.