Mita ta mutu, babur na tafiya

Shekarun baya, in mutum ya turo babur rumfata ya ce mita, wato mai nuna gudu, ta tsaya, ko tashi daga kan benci ba na yi. Yaro nake turawa. Abu biyu ne, babu na uku: ko wayar da ke tasowa daga cibiyar tayar gaba ta tsinke, ko yashi ya cinye haƙoran ɗan abin da ke juya ta. Wayar nan ita ke juya wani maganaɗisu a cikin mitar, shi kuma ya ja allura ta tashi. A zare tsohuwa, a shafa wa sabuwa giris, a ɗaura. Kafin shayi ya huce an gama. Yawancin ƴan kabu-kabu ma ba sa kawo wannan ƙara. Mita ta mutu tun bara, babur na tafiya, in suna son sanin esansin da ya rage, wato fetur, sai su girgiza tanki su kasa kunne.

Rumfar tawa ba ta da nisa da kasuwar Dole, ni da apranti uku. Mun taso da buji da karbiratar da sarƙa, aikin da hannu ke gani ko ido a rufe. Sai ga sababbin babura masu allo a goshi, wanda mu nan Damagaram wasu ke ce wa kwantar, wasu tablo, ƴan Kano kuma mita. Lambobi ne ke fitowa a gilashi: gudu, giyar da kake ciki, ƙarfe nawa, sandunan esansi, har ƙarfin batir. Samari suna mutuwar sonsa. Mutum zai ƙara kuɗi masu kauri don wannan allon kawai, alhali injin da ke ƙarƙashinsa ɗaya ne da na mai allura.

To, allon nan ba don ranar garinmu aka yi shi ba. A Afrilu da Mayu zafi na wuce digiri 40 a inuwa, balle babur da aka kafe a fili tun safe har la'asar. A fuskar gilashin akwai wata siririyar leda da aka manna, wadda in babu ita ba za ka ga lamba ko ɗaya ba. Rana ce ke gasa ta a hankali. Sai ka ga tabo ya fito a tsakiya, ja-ja, ya koma baƙi kamar ƙanzo a gindin tukunya, yana faɗaɗa har ya cinye lambobin. Na biyu ruwa. Abin dariya ne a ce garin da ake sayen ruwa jarka-jarka a wajen ƴan ga-ruwa, ruwa ne ke kashe mita, amma haka ne. Masu wankin babur da injin feshi suna harba ruwan kai tsaye a goshi, ya kutsa ta gefen roba, washegari ka ga raɓa ta kwanta ta ciki. In ta bushe ta bar kore-kore a bakin soket, shi ke nan allo ya fara ƙifta ido.

Amma babban makashin wuta ce. Batir na babur bolt 12 ne. In inji na aiki, wutar da ke shiga cikinsa ya kamata ta tsaya tsakanin 13.5 da 14.5. Mai riƙe ta a nan shi ne regilatar, ɗan akwatin nan mai zara-zaran fikafikai, wanda a Kano suke kira rektifaya. In ya lalace ya saki wuta ta haura 15, ta kai 16, ƙwan fitila ne ke fara tafiya, sannan allo. Ga kuma tsohuwar al'adarmu: batir ya mutu, a buga kik a wuce, a yi wata shida a haka. Tsofaffin babura suna haƙuri da wannan. Mai allo ba ya yi, don batir ɗin ne ke shanye hawa da saukar wutar. Ban ma zo kan masu yanke waya su jona fitilu masu launi da ham na mota da cajar salula ba, su murɗe da hannu su naɗe da ledar burodi.

Duk wannan gyara ne, kuma gyara sana'ata ce. Abin da ya canza mini aiki shi ne garanti.

Yanzu in aka kawo mai allo, kafin in taɓa turnabis sai na yi tambaya uku. Ina ka saye shi? Ina takardunsa? Wani ya taɓa buɗe shi? Babura hanya biyu suke shigo mana. Akwai na wakilin kamfani, mai faktir, wato rasit ɗin saye, da ɗan littafin garanti. Akwai kuma wanda aka ɗauko a kwali daga Kano, ya shigo ta Ɗan Barto ko ta Magariya, aka haɗa shi a bakin kasuwa. Wannan ya fi araha, musamman in naira ta faɗi, kuma in an yi masa duwan, wato an biya kwastan, takardunsa sun ishe ka gaban jandarma. Amma ba su ishe ka gaban wakili ba, don ba ta hannunsa ya fito ba. Shi kuma littafin garantin sharaɗi gare shi: wata kaza ko kilomita kaza, duk wanda ya riga cika, sannan a yi bidanji, wato canjin man inji, a kan lokaci a buga hatimi. Mutane da yawa tare da kwali suke yar da shi, ko yara su yi zane a ciki.

Wani malamin firamare da ke koyarwa a wani ƙauye ta hanyar Mirriya ya kawo mini nasa, wata huɗu da saye, ko ledar sirdi bai cire ba. Da farko, in ji shi, lambobin ne suka fara rasa ƙafafu, takwas ta koma kamar sifili. Daga nan allon ya riƙa ɗaukewa in ya ba da wuta sosai. Ran nan da asuba ya murɗa makulli, shiru, gilashi fari fat. Ina sallamar wani, na waiwayo na ga babban yarona har ya sa turnabis a bayan mitar.

"Kai! Ɗauke hannunka!"

"Maigida, soket kawai zan duba."

"Soket yana waje. Wannan dunƙulen fentin da ke kan noti, ka san ko mene ne? In ya fashe, kai za ka saya wa Malam sabuwa?"

Malam ya ce, "Ai da ka bar shi ya buɗe, Maigida, gobe ina da aji."

Na ce, "Malam, babur zai kai ka aji ko babu allo. Faktir ɗinka na nan?"

Yana nan, har da littafin, a cikin jakar da yake zuba takardun ɗalibai. Na ɗauko na'urar awon wuta na ɗora a kan batir, na ce yaro ya tayar ya ba da wuta. Lamba ta haura 16 tana neman wucewa. Na rubuta a takarda da hannuna cewa regilatar ne ya ƙone mitar, na ce ya kai wa wakilin kamfani tare.

A can aka fara da tambayar da har yau take ba ni dariya: kilomita nawa babur ɗin ya yi? Garanti da kilomita ake auna shi, mai ba da shaidar kilomitan kuma shi ne mamacin. Allah ya taimaki Malam, sati uku kafin nan ya yi bidanji a wajensu, an rubuta lambar an buga hatimi. Da wannan aka karɓi ƙararsa. Aka ɗauki hoton allon da lambar shasi aka tura Yamai ta WhatsApp, aka ce ya jira.

Yamai kusan kilomita 900 ce daga nan, kuma ba a can ake ƙera mita ba, su ma jira suke. Duk wanda ya yi sana'ar nan tsakanin Agustan 2023 da Maris na 2024, lokacin da iyakar Najeriya ke rufe, ya san yadda ɗan ƙaramin kaya ke zama zinariya. Ga hanyar Kwatano da ta toshe, kaya suka koma zagayowa ta Lome su ratso Burkina. Sati bakwai Malam ya yi. A ciki sau biyu esansi ya yanke masa a daji, ya tura babur cikin rana tsaka, don ya saba da kallon sanduna, bai iya girgiza tanki irin na ƴan kabu-kabu ba. Daga baya ya yanko kara ya yi masa tsaga-tsaga, kullum da safe ya tsoma.

Mita ta iso, aka ɗaura, ya biyo ta rumfa yana murmushi. Na tambaye shi regilatar fa? Ya ce sun ce mita aka rubuta, mita aka aiko. Takardata kuwa ko kallonta ba a yi ba. Na ce ya koma ya matsa musu, ya ce kunya yake ji, mutane sun ba shi abu kyauta. Kwana goma sha biyu sabuwar ta yi. Ta tafi tare da ƙwan babbar fitila.

Karo na biyu fuska ta canza. Aka fara cewa ko an jona wani abu, ko wani bakanike ya taɓa waya. Wannan da ni ake, don haka na rufe rumfa na bi shi da na'urata a aljihu. Bakanikensu yaro ne da na sani tun yana apranti a wani gareji. Na ce, "Ɗana, ba gardama na zo yi ba. Ɗora da hannunka ka gani." Ya ɗora, ya ga lamba, ya sosa ƙeya. Ya ja ni gefe ya ce, "Baba, wallahi na gani tun farko. Amma abin da aka rubuta a fom shi ake biya, kuma sai mun mayar da tsohon a rufe kafin a lissafa mana." A nan na gane ba mugunta ba ce. Wakili ɗan kasuwa ne kamar ni, in ya ba da kaya kamfani bai amince ba, daga aljihunsa ne. Sai dai ni a ganina, duk fom ɗin da zai karɓi ƙonanniyar mita bai tambayi bolt nawa ke shiga batir ba, wanda ya tsara shi bai taɓa riƙe sifana ba. An sake rubutawa, wannan karon da regilatar, aka sake jira.

Akwai wani abu da ba a gaya wa masu babur. Lissafin kilomita a cikin mitar kanta yake zaune, a wani ɗan ƙwaƙwalwa. In aka sa sabuwa, daga sifili take farawa. Babur ɗin da ya sha hanyar Tanut har ya gaji sai ya wayi gari jariri. Dillalai sun san wannan sarai, shi ya sa in an kira ni duba na hannu ba na kallon allo. Robar matakin ƙafa nake dubawa, da haƙoran faranti na sarƙa, da yadda hannun birki ya sha hannu. Wani ya taɓa zuwa da yamma, bayan yara sun tashi, yana rage murya, wai ko zan iya mayar masa da lamba baya. Na ce ni ban iya ba, kuma ko na iya, ni ne za a kira gobe in duba wa mai saye. Masu ba ƴan kabu-kabu babur suna karɓar kuɗi kullum su ma abin ya shafe su, don da lambar suke gane ko yaro ya yi bidanji a kan kari ko ya cinye kuɗin mai. Saboda haka duk mitar da na canza, ina rubuta tsohuwar lamba da kwanan wata a rasit, in kuma rubuta da farin fenti a ƙarƙashin sirdi.

Wanda ba shi da garanti kuwa, nan hannuna a sake yake. In buɗe, in goge kore-koren da burushin haƙori da alkol, in gyara mas, wato haɗin waya da ƙarfen jikin babur, in ya saki. In aikin ya fi ƙarfin idona, akwai wani yaro mai gyaran salula da nake kai wa. Shi ke da siririn ƙarfen dalma da madubin ƙara girma, yana iya ɓare ƙonanniyar ledar nan ya manna sabuwa, lambobi su dawo. Ban taɓa zaton wata rana bakanike zai tsaya layi a shagon mai waya ba. Wani lokaci kuma mai babur ya ce a cire masa masifar a sa mai allura. Yana yiwuwa in cibiyar tayar tana da wurin waya. In na'urar lantarki ce ke ƙirga juyin taya, ko babur ɗin irin marar karbiratar ne da ke buƙatar fitilar gargaɗin inji, ina faɗa masa gaskiya ya haƙura. Wanda zai riƙa shiga ƙauye kuwa, in ya nemi shawarata kafin saye, mai allura nake nuna masa. Nawa ma shi ne, kuma yarana suna yi mini dariya.

Shekaranjiya Malam ya biyo a ɗaure masa sarƙa. Bidanji har yanzu can yake kai wa saboda hatimi, ni na ce ya yi haka. Da ya kafe babur sai ya zaro wata tsohuwar hula daga aljihu ya kifa wa mitar, maiɗakinsa har ta sa mata roba a baki don kada iska ta ɗauke. Ƙaramin yarona ya ɗaga sirdi zai duba batir, ya ga layi biyu da na rubuta da farin fenti, ya tsaya yana haɗa lissafi da yatsu. Karan nan mai tsaga-tsaga ma yana nan a soke gefen batir.