Mun dawo gida, ga godiyarmu

Salama a gare ku 'yan'uwa, a cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Jiya Lahadin Ista da Baba Fasto ya kira mu gaba don godiya, duk abin da na shirya faɗa ya gudu, kuka kawai na yi ta yi har mawaƙa suka rufa mini asiri suka ɗauki waƙa. Shi ya sa na ce bari in rubuta a nan, yanzu da yara suka yi barci, shi ma maigida ya samu ya runtsa.

Kun riga kun san labarin, ba sai na maimaita ba. Daga 6 ga Maris da maigida ya faɗo daga kan motar tumatir a kasuwar Mile 12 a nan Legas har ran Alhamis 6 ga Afrilu da aka sallame mu, wata guda cur ina kwana a benci. Ƙafafuna har yanzu a kumbure suke. Amma mun dawo Ketu da shi da ransa, ga ƙarfe a cinya, ga sanduna biyu, yana takawa kaɗan kaɗan daga gado zuwa bakin ƙofa.

Akwai abin da ban faɗa wa kowa ba sai Mama, matar Baba Fasto. A makon farko ni fushi nake yi da Allah. E, fushi. Kun tuna yadda garin yake a lokacin canjin kuɗi, ba tsohon kuɗi ba sabo, mai POS sai ya yanki rabonsa kafin ya ba ka naka, in ma yana da shi ke nan, transfa kuma ka tura ta maƙale a hanya, an cire a wajenka can kuma ba su ga alat ba. Ina tsaye a layin biya da waya a hannu, mijina yana ciki yana nishi, na ce Ubangiji me muka yi maka, mutumin da ko ranar Lahadi ɗaya ba ya fashi, a ce duk lokacin da za ka bari ya karye sai wannan lokacin?

Sai ga likita ya kira ni ya ce ba za su yi tiyatar ba tukuna. Wai gwajin jinin da suke yi kafin aiki ya nuna sugansa ya hau sosai, kuma ba yau ya fara ba, ya daɗe yana cinsa a ɓoye. Ya tambaye ni, yana yawan shan ruwa? Yana tashi fitsari da dare? Ya rame? Duk na ce e. Kusan shekara guda ke nan mutumin nan yana tashi sau huɗu sau biyar a dare, wandunansa duk sun yi masa yawa, mu kuwa muna cewa zafin Legas ne da wahalar dako. Ashe jirin da ya kwashe shi a kan mota ma ba banza ba. Likitan ya ce in aka yanka shi a haka ciwon ba zai warke da wuri ba, zai iya ruɓa, sai an sauko da sugan da allurar insulin tukun. Sannan ya faɗi maganar da har yau take yi mini yawo a kai, ya ce Madam, ki gode wa wannan ƙafar, ita ta kawo shi da wuri.

Na fita na zauna a bakin baranda na rasa abin cewa. Ni da na kwana bakwai ina roƙon Allah ya ɗauke mana wannan karaya, ashe ta nan ya biyo ya tono abin da zai kashe mini miji shiru. Mutumin da ko Panadol sai an yi faɗa da shi, wa zai iya kai shi asibiti da ƙafafunsa? Da Mama ta zo na gaya mata, ba ta yi mini dogon wa'azi ba, ta buɗe Farawa 50:20 kawai, inda Yusufu yake gaya wa 'yan'uwansa cewa su mugunta suka nufa amma Allah ya juya ta ta zama alheri don a ceci rayuka. Ta ce 'yata, lokacin da Yusufu yake cikin rijiya bai san da maganar Masar ba, rijiya kawai yake gani. Na sha jin labarin nan tun muna Sande Sukul a Biliri, ranar ne dai ya shige ni.

Kada wani ya ɗauka wai yanzu na gane komai. Dattijon da yake gado kusa da namu, matarsa ta fi ni addu'a nesa ba kusa ba, tare muke raba ruwan zafi, kuma da asuba ɗaya aka ja labule aka fita da shi. Ban san me zan ce a kan nata ba, ban kuma yi ƙoƙarin ce mata komai ba, na riƙe hannunta ne kawai. Ku sa ta a addu'a don Allah.

To sai maganar jini, wadda ita ce ainihin abin da ya sa na ɗauki waya. Da sugan ya sauka aka sa ranar aiki, aka ce mu kawo masu ba da jini leda uku, don karayar cinya tana shan jini. Ni aka gwada aka ce nawa bai isa ba. Matasa biyu daga coci suka zo, aka ɗauki na ɗaya, ɗayan bai daɗe da tashi daga zazzaɓi ba aka ce a'a. Saura biyu, gari ya fara duhu, aiki kuma da safe. Lokacin an shiga azumin Musulmi da 'yan kwanaki. Ina zaune na haɗa kai da gwiwa, wajen ƙarfe takwas da rabi, sai na ji ana cewa ina matar mai karaya. Gabana ya faɗi, na ɗauka nas ce ta zo da mugun labari, ƙafata ta ƙi ɗaukata. Da na ɗaga kai sai na ga mutum huɗu daga kasuwa, abokan aikinsa uku da mai shayin bakin get, wanda kullum a wajensa maigida yake karyawa. Sun sha ruwa ke nan suka hau danfo, ko hutawa ba su yi ba.

Na san ba ya son a ambace shi, kuma na san ba a yin haka, amma Malam mai shayi sai ka yi haƙuri. Da na ce Malam kun wuni da azumi, anya za ku iya, sai ya yi dariya ya ce, uwargida ai ni na yi shekara shida ina zuba masa sukari cokali huɗu huɗu, yau bari in biya da jini. Na yi dariya ina hawaye a tsakiyar asibiti kamar wata zararriya. Aka ɗibi nasa da na wani saurayi ɗan Sakkwato, abin da bai kai rabin lita ba kowanne, amma ni a wajena rai ne suka ba ni. Na kawo kuɗin mota suka ƙi karɓa, har suka bar mini burodi da madara.

Ubangiji Allah ya sāka muku. Ya tsare ku a kan manyan motocin nan, ya kiyaye iyalanku da kuka bari a gida, ya sa ku gama azuminku lafiya. Yadda kuka tsaya wa mijina, Allah ya tayar muku da masu tsaya muku a ranar da ba ku zata ba.

Zumuntar Mata, iyayena, me zan ce? Kun raba kwanaki a tsakaninku, ba ranar da kular abinci ba ta zo ba, da aka hana shi tuwon shinkafa da yawa kuka koma wake da ganye da acca, ban ma san inda kuka samo acca a Legas ba. Baba Fasto da dattawa, baikon da aka tara a lokacin da kowa yake neman naira ɗari biyar ta hannu bai samu ba, Allah ya gani. Iya mai gidanmu, Bayarabiya ce ba ta jin Hausa, wani ya karanta mata wannan: ita ta riƙe mini yara uku wata guda, ta yi musu wanka ta kai su makaranta, kuma ta ce maganar haya a bari sai ya miƙe. Nas ɗin dare mai gilashi da take bari in shiga in ga fuskarsa bayan an kori masu jinya, Ubangiji ya albarkaci hannuwanki da 'ya'yanki.

'Yan'uwa na gida da suka kira waya, mun gode. Waɗanda suka dage a ɗauko shi a kawo wa mai ɗori ma mun gode da shawara, sai dai da mun bi ta da yanzu wani labarin ake yi. Wanda yake nan Ikorodu kuwa, motar BRT ɗaya ce tsakaninmu, wata guda ko leƙe, to ba komai, wataƙila netwok ne. Na yafe, Baba ya ce in yafe, ina kan ƙoƙari.

Maigida ya ce in gaishe ku duka, ya ce da zarar ya ajiye sanduna zai zo sashen Hausa ya yi tasa godiyar da bakinsa. Za mu koma asibiti bayan mako biyu a duba ƙarfen, ku ci gaba da addu'a ƙashin ya haɗe. Ku kuma da kuke tashi fitsari da dare kuna cewa zafi ne, gwajin suga ɗan tsira yatsa ne kawai, ku je a duba ku.

Masu zuwa gaisuwa ƙofa a buɗe take, amma don Allah a daina kawo lemon kwalba da maltina, yana kallonsu yana haɗiyar yawu ni kuma ina zama muguwa. Sannan akwai kula biyu a wajena da ban san masu su ba, ɗaya ja ɗaya mai ruwan ƙasa da murfinta ya ɗan fashe, mai ita ta yi mini magana in kawo ran Laraba wajen addu'a.