Wasiƙa daga Sète: Fim ɗin Unguwar Masunta

Assalamu alaikum 'yan uwa na Damagaram da kewaye. Muna lafiya, a gaida kowa da kowa. Tambayar nan da kuka ƙi gajiya da ita ta sake shigowa: wai Faransawa suna da finafinansu ne, ko na Amurka kawai suke kallo? Wasu kuma suna son jin kuɗin haya da farashin nama. Zan zo kan waɗannan.

Garin da nake, Sète, yana kudancin Faransa kusa da Montpellier, a matse tsakanin Bahar Rum da wani tafkin ruwan gishiri mai suna Thau. Mutanensa ba su kai 50,000 ba. Abin da ya zaunar da ni kallon fim kuwa jiran takardar izinin zama a ƙasar ne. A nan ba ka tashi ka je ofis ka yi layi. Sai ka nemi ranar ganawa ta intanet, shafin kuma kullum cewa yake babu gurbi. Idan Allah ya sa ka samu, a ce kawo shaidar wurin kwana ta kwanan nan. Kafin ranar ta zo, wadda ka tanada ta tsufa. Ka kawo sabuwa, a ce hotonka ne bai yi ba, kanka ya ɗan karkata. Ga shi ba wanda za ka gaisa da shi ka ce ranka ya daɗe a duba mini. Mai shirin zuwa ya kwafi kowace takarda ya adana, har rasit ɗin wutar lantarki, kar ya yar da komai. Cikin wannan jiran, ga iskar hunturu mai ratsa ƙashi, na fara aron finafinai a ɗakin karatu na gari.

Wanda ya tsaya mini a rai shi ne La Pointe Courte, sunan wata unguwar masunta a nan bakin tafkin. Agnès Varda ce ta ɗauke shi a 1954, tana 'yar shekara 26, sana'arta a lokacin ɗaukar hoto, kuɗin hannunta kuma kaɗan. Baƙi da fari ne. Manyan 'yan wasa biyu ne kacal, Philippe Noiret da Silvia Monfort, miji ɗan unguwar da matarsa 'yar Paris, suna yawo a bakin ruwa suna tattauna ko aurensu zai ɗore. Gaskiya hirar tasu ta gundure ni. Da a gida ne, da tuni an kira iyaye an yi ta ta ƙare.

Sauran duk mutanen unguwar ne, suna fitowa a yadda suke. Mata na shanya wanki iska na kaɗa shi, maza na ɗinkin koma, kyanwoyi ko'ina. Jami'an lafiya sun hana kamun wasu halittun ruwa a wani sashe na tafkin saboda ƙazanta, masunta kuma suna fita a ɓoye, don da shi ake cin tuwo. Yaro ya yi rashin lafiya ya rasu, maƙwabta suka taru, ba a sa kiɗan tausayi don a matso maka hawaye ba. An kulle wani saurayi kan kamun da aka hana, amma aka sake shi ya je wasan kwale-kwale, inda mutum biyu ke tsayawa a kan dandamali a bayan jirage, kowa da doguwar sanda da garkuwar katako, wanda ya faɗa ruwa ya sha kaye. Da masu ganga da algaitarsu, kamar filin kokawa. Tun 1666 da aka buɗe tashar jiragen garin ake wannan wasa, har gobe ana yi a watan Agusta.

Na taka na je unguwar. Ƙananan gidajen na nan, kyanwoyin na nan, sai dai yawancin waɗanda suka fito a fim ɗin sun riga mu gidan gaskiya, ita ma Varda ta rasu a 2019. Jikokinsu kuwa suna iya kunnawa su ga yadda kaka take ɗaura zane. Ina son finafinanmu na Kano, a nan ma su ke ɗebe mini kewa. Amma kusan kullum falon mai kuɗi ne da mota da rawa a lambu. Majeman garinmu fa, da masuntan Tafkin Chadi, da matan da ke sussuka a bayan gari? Wayar da ke aljihun ƙannenmu ta isa ta ɗauke su, in an nemi izininsu aka kuma yi haƙurin zama ba tare da an ce su yi wasa ba.

Naman halal akwai shi a shagunan 'yan Maroko da Aljeriya, da tsada. Haya sai wata wasiƙar. Mai tahowa ya riƙo mini yaji da kuka, amma kar ya sa kilishi a jaka, kwastan ba sa barin nama ya shigo.

Naku,
ɗan uwanku a Sète