Baba ya dawo Zariya, ga godiyata

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Alhamdu lillahi. Daren jiya wajen ƙarfe 9 muka shigo ta Ƙofar Doka, Baba ya kwana a ɗakinsa, kan gadonsa, rediyonsa a gefen matashi. Da asuba na jiyo tarinsa ta taga, irin tarin nan da yake yi kafin ya ɗauki buta, sai na koma bakin gado na yi kukan da kwana 13 ban samu sararin yinsa ba. Har yanzu idona kamar an zuba barkono, don haka in kun ga magana ta hau kan magana ku yi min afuwa.

Ba zan maimaita abin da kuka riga kuka sani ba. Kun bi mu tun daga saƙon da na tura a barandar asibiti hannuna na rawa, ranar da Baba ya faɗi a Badagry, garin bakin teku a jihar Legas, kun san batun karayar hannunsa, kun san daren da likita ya ce a jira a ga abin da ƙoda za ta yi. Duk wannan ya wuce, Allah kada ya maimaita.

Amma akwai tambayar da ta zagayo ta same ni ta bakin mutum uku, wai me ya kai tsoho ɗan shekara 74 bakin teku. Bari in amsa sau ɗaya in huta. Shekara 35 Baba ya yi yana koyar da tarihi. Duk wanda ya zauna ajinsa ya san taswirar nan da yake zanawa a allo ba tare da ya duba littafi ba: ya ɗiga alli a Badagry, ya ce nan Kyaftin Kilafaton ya sauka a ƙarshen 1825, ya ja layi ya haura ta ƙasar Yarabawa, ya ratsa Zariya a 1826, ya je Kano, ya ƙare a Sakkwato wajen Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, inda Baturen ya mutu a 1827. Ya hau Kufena da ɗalibai ba adadi, ya kai su Turunku. Amma wurin da yake fara ɗiga allin nan bai taɓa taka shi ba, kuma ruwa mafi girma da ya saba gani shi ne Galma in ta cika a watan Agusta. To da bikin aure ya kai mu Agege a Legas, samarin gidan bikin suka ce sun shirya fita ta yini guda zuwa Badagry, da mota da ɗan jagora, a zaga gidajen tarihi da safe, da rana a tsallaka a taka da ƙafa har bakin teku, Baba ne ya fara miƙa kuɗinsa. Ni na ce zan bi shi. Ko yau aka dawo da ranar, ba zan hana shi ba. Abin da zan gyara daban ne, zan zo kansa.

Da safen nan ban taɓa ganinsa cikin nishaɗi haka ba. A gidan benen nan na 'yan mishan da aka gama a 1845, wanda ake cewa shi ne bene na farko a Najeriya, ya hau matakalar katako ba tare da ya riƙe ni ba. A gidan adana kayan tarihi, tsohon ofishin Turawan mulki na 1863, shi da ɗan jagora suka koma kamar malami da ɗalibi, har yaron ya fara cewa “Baba, haka ne ko?” kafin ya rufe kowace magana. Sai da muka shiga gidan Seriki Abass, wanda ya rasu a 1919, sannan Baba ya yi shiru. Mutumin nan bawa ne aka sayar da shi, aka kai shi Burazil, ya dawo ya zama dillalin bayi shi ma. Ɗakuna 40 ne a gidan, ɗan jagora ya ce kowane ɗaki mutum 40 ake cusawa, ɗakin da bai fi madafin gidanmu ba, da 'yar taga can sama. Ya nuna mana laima, ya ce mutum 40 aka bayar aka karɓe ta. Baba ya juyo ya ce mana da Hausa, “Kun ji sunan? Seriki. Sarki ne, kalmarmu ce ta zo nan.” Ya ce Hausawa da yawa ta wannan gaɓar aka fitar da su zuwa Bahiya ta ƙasar Burazil, can suka yi ta tayar wa iyayengijinsu, har boren da Musulmin bayi suka yi a 1835 cikin watan azumi. Wani cikin samarin ya fara tsine wa Turawa, Baba ya ɗaga masa hannu. Ya ce wanda ya kamo mutum daga daji ya kawo shi bakin ruwa ba Bature ba ne, kuma mu Zazzagawa kada mu manta mun san abin da ake kira rinji, wato ƙauyen bayi. Ba wanda ya sake tankawa.

Ga laifina. Da asuba kafin mu bar Agege ya sha maganin sugansa, ya kurɓi shayi, ya ce in an isa zai ci abinci. An isa, murna ta ɗauke mu. Jakar da na sa burodi da dabino da na'urar gwada suga na bar ta a mota, don an ce kada a ɗauki kaya da nauyi cikin kwale-kwale. Ni na bar ta, ba wani ba.

Tsallakawar ba ta fi 'yan mintuna ba. Daga nan sai tsibirin Gberefu, hanya doguwa ta rairayi, irin wanda in ka taka ƙafa take nutsewa, ga rana a tsakiyar ka, ga iska mai gishiri da ke sa mutum bai san yana zufa ba. Ita ce hanyar da ake kora bayi a kai su jirgi, ƙarshenta wurin da suke kira inda ba a komowa. A tsakiyar hanyar akwai rijiya. Ɗan jagora ya tsayar da mu ya ce nan ake tilasta musu shan ruwa, ruwan da aka yi wa asiri don su manta sunansu da garinsu da iyayensu. Baba ya leƙa, ya yi addu'a, muka wuce.

Ba mu yi taku ɗari ba ya faɗi. Ta gefen dama, kan hannunsa. Na durƙusa na ɗago kansa, rigarsa sharkaf, jikinsa sanyi ƙalau a cikin wannan rana. Idonsa biyu. Ya dube ni sosai, kallon da ake yi wa baƙo a zaure, ya ce, “Yarinya, 'yar gidan wa ce ke?”

Jama'a, na ga karaya, na ga ƙarin ruwa leda bayan leda, na kwana a kan tabarma a ƙasan gado, amma ba abin da ya kai wannan tambayar. Mutumin da ya sa min sunan mahaifiyarsa, wanda tun ina goye bai taɓa kiran sunana ba sai “Uwata”. Ni ba mai camfi ba ce, Baba bai rene mu haka ba, kuma ko ɗigo bai sha a rijiyar ba. Amma wallahi a wannan lokacin na waiwaya na kalle ta, zuciyata ta ce min shi ke nan, an karɓe shi. Astagfirullah.

Sai ga wata mata. Ba ta fi sa'ar Innarmu ba, baƙa, siririya, da kwandon kwakwa a ka da adda a hannu. Ɗan jagora ya ce 'yar ƙabilar Egun ce, masu garin. Ba ta jin Hausa, ni kuma Yarabancina bai wuce gaisuwa ba. Ta sauke kwandon, ta taɓa goshin Baba, ta taɓa tafin hannunsa, ta dube ni ta ce kalma ɗaya, “Suga?” Na ɗaga kai. Ta sare kan kwakwa da sara uku, ta kwance bakin zanenta ta fito da ƙullin leda, sukarin da za ta jiƙa garin kwakinta na rana ne, ta juye shi duka a ciki ta girgiza. Ta ga yana iya haɗiya, sai ta riƙa ba shi kaɗan-kaɗan, tana tallafe da ƙeyarsa, tana yi masa magana da yarenta kamar mai lallashin jariri. Da ta ga rana na dukan fuskarsa, ta cire zanen samanta ta miƙa wa samari biyu suka riƙe bakin suka yi masa inuwa. Ban san ko minti 10 aka yi ko 20 ba. Na dai san ya lumshe ido ya buɗe, ya dube ni, ya ce, “Uwata, ina hulata?”

Daga baya likita ya gaya min cewa in suga ya faɗi ƙasa haka, ƙwaƙwalwa ce take fara rasa abincinta, shi ya sa mutum yake ruɗewa har ya kasa gane nasa, kuma da an tsaya jiran a tsallaka ruwa da labarin ya canza. Ya kuma ja min kunne cewa da ya suma gaba ɗaya, ba a ɗura wa wanda ya suma komai a baki. Masu tsofaffi a gida, ku riƙe duka biyun.

Na ciro abin da ke jakata na miƙa mata, ta mayar min da hannuna kan ƙirjina. Sau biyu. Muka ɗauki Baba a cikin zanenta har bakin kwale-kwale, a cikin ruɗani ban ko tambayi sunanta ba.

Na san al'adarmu ba a fallasa mai alheri, kuma wasu sun roƙe ni kada in ambace su. Ku yafe min, ba zan iya ba. Ɗan jagoranmu, wanda aikinsa ya ƙare da la'asar amma bai bar asibiti ba sai bayan isha'i, washegari kuma ya dawo da hular Baba da ya koma tsibirin ya tsinto. Mai kwale-kwalen da ya sauke fasinjojinsa ya juyo da mu. Alhajinmu mai sayar da raguna, ɗan Tudun Wada da ya shekara 20 a Ikko, wanda aka ce sai an ajiye kuɗi kafin a taɓa Baba, ya ajiye bai ko tambayi ɗan wa ba ne, sai da ya ga fuskar a kan gado ya ce, “Ai Malam ne, ya koyar da ni.” Hajiyar Agege, uwar amarya, da ta bar gidan biki ta riƙa aiko da tuwo da miyar kuka tun daga can saboda Baba ya ƙi abincin asibiti. Nas ɗin dare mai tabarau da ta koya min yadda ake juya shi ba a taɓa hannun ba. Gwaggo ta Ƙofar Gayan da ta tare a gidanmu ta riƙe min yara, har da kai ƙaramin makarantar allo. Liman da jama'ar masallacin unguwarmu. Tsofaffin ɗaliban Baba da suka haɗa kuɗin jirgi zuwa Abuja ba tare da na buɗe baki ba, da direban da ya jira mu a tashar jirgin ƙasa ta Rigasa a Kaduna awa uku. Da maigidana, wanda ba zan ce komai a kansa a nan ba, shi ya sani.

Ya Allah, duk wanda ya taka ƙafa, ko ya buga waya, ko ya tashi cikin dare ya ambaci sunan Baba a sujada, ka saka masa da abin da ya fi. Ka jiƙan iyayensu da suka rigaye mu, ka ba masu rai lafiya da tsawon kwana mai albarka. Ka sa 'ya'yansu su yi musu fiye da haka. Kada ka nuna musu ranar da uba zai kalli ɗansa ya tambaye shi ɗan wa ne. Ka buɗa musu ƙofofin arziki ta inda ba su zata ba, ka rufa musu asiri duniya da lahira. Matar nan mai kwakwa, Ya Rabbi, kai ka san sunanta, ka san bukkarta, ka shayar da ita, ka shiryar da ita da zuriyarta zuwa ga duk abin da yake alheri, kada ka bar ta ta nemi taimako a rasa mai ba ta. Amin, amin.

Akwai kuma waɗanda jini ɗaya ne, suna zaune a Legas ɗin, wasu ma a kan titin Badagry ɗin gidajensu suke. Na ga hoton hannu biyu na addu'a da aka turo a WhatsApp ranar farko, na gode. Kwana 11 muka yi a gadon nan. Baba ya tambaye ku sau biyu, na ce masa cunkoson Legas ne. Zumunta dai a ƙafa take, ban ƙara komai ba.

Masu son zuwa dubiya, don Allah bayan la'asar, kuma kada a daɗe, hannun yana cikin ɗorin asibiti har mako shida. Kada a kawo lemon kwalba, an hana shi. In ya fara ba ku labarin Badagry ku bar shi ya yi, likita bai hana wannan ba. Abu ɗaya ne kada ku tambaye shi, wato yadda teku take. Bai gan ta ba. Ya ce ya dai ji rurinta daga inda yake kwance, kamar jirgin ƙasa na tahowa daga Kaduna, kuma tun a mota jiya ya fara lissafin bayan Sallah.

Zanen matar yana wurina, shuɗi mai zanen kifi, na wanke na goge na ninke. In akwai ɗan Zariya da zai je wajen Badagry kwanan nan, ya yi min magana ta akwati. Ɗan jagoran ya ce ya san inda take zama, kusa da rijiyar, ranakun Asabar da Lahadi.