Kujerar da ke lungu

Asabar, sha ɗaya da rabi na dare.

Barci ya ƙi zuwa, kuma na san dalili, don haka gara in rubuta ko na samu sauƙi.

Tun makon jiya da muka kalli The Conjuring na farko Auta ta hana ni sakat da maganar na biyu. Ita ce fa ta kalli rabin na farkon ta tsakanin yatsu, ta rantse ba ita ba irin waɗannan finafinai har abada. Ko kwana uku ba a yi ba ta fara: "Yaya, yaushe za mu ga ci gaban?" Yau da safe na ce to, yau ɗin nan. Ta gindaya sharuɗɗa biyu: da rana za a kalla, kuma ba za a saki labule ba. Na farkon na yarda. Na biyun na ce ina, ai fim ɗin ban tsoro da hasken rana a fuskar talabijin ɓata lokaci ne. Muka yi ta ja-in-ja har aka tsaya a kan labule ɗaya a sake, ɗaya a ɗage.

Safiyar ta tafi a wanki da gyaran ɗaki. Kayan da suka bushe na kwaso na jibge a kujerar da ke lungun ɗakina, wai zan ninke anjima.

Ƙarfe uku muka zauna. Kafin a fara na leƙa tsawonsa, na ga minti 134. Na farkon, wanda ya fito a 2013, minti 112 ne. Tun daga nan na ɗan sha jinin jikina, don na lura kashi na biyu na kowane irin fim ɗin tsoro yana da wata cuta: gani yake dole ya fi yayansa tsawo, ya fi shi ƙara, ya fi shi yawan dodanni. Darakta dai ɗaya ne, James Wan. Patrick Wilson da Vera Farmiga su ne dai suka dawo a matsayin Ed da Lorraine Warren, mata da mijin nan 'yan Amurka masu bin diddigin gidajen da ake cewa aljanu sun addaba. Wannan karon, a fim ɗin 2016, an tsallaka da su Ingila, unguwar Enfield a arewacin Landan, shekarar 1977.

Sa'a ɗaya ta farko ta kunyata ni, don na zo da shirin kushewa sai na tarar da aiki. A na farkon gidan gona ne ƙato a jihar Rhode Island, shi kaɗai a fili, ko ihu ka yi ba mai jin ka. A nan kuwa ɗan ƙuntataccen gidan haya ne na hukuma, bango duk danshi, fenti na ɓarewa, ruwan sama ba ya ɗaukewa. Uwa ce ita kaɗai da 'ya'ya huɗu, miji ya tafi ya bar ta, aljihu ba nauyi. Tun kafin aljani ya shigo ka riga ka tausaya musu. Kuma fim ɗin ya toshe bakin irina masu cewa "to su fita daga gidan mana!" Sun fita. Daren da uwar ta ga akwatin tufafi ya ja kansa ya tokare ƙofa a gaban idonta, ba ta tsaya wata jarumta ba, ta kwashi 'ya'yanta a guje sai gidan maƙwabta. Aka kira 'yan sanda, su ma suka ga kujera na tafiya da kanta, suka ce wannan ba huruminsu ba ne. Auta ta yi dariya a nan, dariyar wanda ya samu damar yin numfashi.

Akwai wurare biyu da har yanzu suke kaina.

Na farko da rana tsaka ya faru, abin da ya ɓata wa Auta lissafinta na labule. Janet, yarinya 'yar shekara 11, ba ta je makaranta ba, tana zaune ita kaɗai tana kallon talabijin. Tasha ta sauya da kanta. Ta mayar. Ta sake sauyawa. Ta laluba gefenta, ba rimot. Ta waiwaya, sai ga shi can a kan wata tsohuwar kujerar fata da ke lungun falo. Shi ke nan fa. Rimot ne a kan kujera, abin da nake gani kullum a gidana, amma sai da tsigar jikina ta tashi. Na saci kallon Auta, na ga ta naɗe ƙafafunta ta ɗora kan kujera.

Na biyun shi ne zuciyar fim ɗin a wurina. Ana zargin yarinyar ita ke ƙirƙirar muryar tsohon da ke magana ta bakinta, wani da ya ce shekarunsa 72 kuma a kan kujerar nan ya mutu. Don a gwada ta, sai aka ba ta ruwa ta guntsa, aka zaunar da ita a kujerar. Muryar ta ce ba za ta yi magana ba ana kallonta. Ed ya juya mata baya. Daga nan kyamara ba ta ƙara motsi ba, ba a yanke hoton ba ko sau ɗaya. Fuskar Ed ce a gaba tar, kana ganin kowace ƙyaftawar idonsa, bayansa kuwa komai dishi-dishi. A cikin dishi-dishin nan, sannu a hankali, siffar yarinyar ta fara faɗi, kafaɗu suka buɗe, kai ya sauya, har ka tabbata wanda ke zaune a wurin ba yarinya ba ce. Na matso gaba ina ƙanƙance ido don in gani da kyau, kuma ba a bar ni na gani ba. Ed yana tambaya, tsoho yana amsawa, shi bai san abin da ke bayansa ba, mu kuma mun sani rabi da rabi. Da aka gama, siffar ta koma ƙarama, hoto ya washe, yarinya ta tofar da ruwan da ke bakinta. Ba wani kiɗa mai firgitarwa, ba abin da ya yi tsalle ya fito. Sai da Auta ta ce "Yaya, sakar min hannu" sannan na san ni ne na riƙe ta.

Da fim ɗin ya tsaya a kan wannan tsoho da kujerarsa, da yanzu ina rubuta cewa ya fi na farko. Amma ina.

Can sai ga wani dodo wai Karkataccen Mutum, dogo siriri da jar kwat da hula, wanda ya fito daga wata waƙar yara. Kare ne a tsaye a bakin ƙofa, ya miƙe, ya lanƙwashe, ya zama shi, yana tafiya yana rera waƙa da manyan haƙora. Auta ta ce, "Wannan kuma daga wane fim ya shigo?" Wallahi ta rigaye ni ne. Kamar an yanko shi daga zanen yara an manna. Abin mamaki, na ɗauka aikin kwamfuta ne zalla, ashe mutum ne, wani ɗan wasan Sifaniya mai suna Javier Botet, wanda tsawonsa da sirantarsa suka sa ake yawan ba shi irin wannan rawa. Ƙoƙarinsa ba laifi. Laifin na wanda ya haska shi tun daga hula har takalmi ne. Ana cewa gani ya kori ji, to a nan tsoron ne gani ya kora.

Sai kuma aljanar nan mai shigar sistocin coci, Valak. A nan muka raba gari da Auta. Ita a wurinta ba abin da ya kai wurin zanen nan: Ed ya yi mafarki ya zana fuskar ya rataye a ofishinsa, Lorraine ta shiga ɗakin fitila ta mutu, inuwa ta bi bango a hankali har ta daidaita da zanen, yatsu suka fito ta gefen allon. Ban musa ba, wurin ya tsaru, ni ma gabana ya faɗi. Damuwata ita ce, me ya haɗa ta da waɗancan bayin Allah na Enfield? Kusan duk fitowarta a gidan su Lorraine ne, a Amurka. Labari biyu ne ke tafiya kowanne da hanyarsa, sai dab da ƙarshe aka ƙulla su da ƙarfin tsiya, aka ce ai tsohon ma bawanta ne, ita ke juya shi. Nan take tsohon da ya hana ni numfashi ya koma abin tausayi. An rage masa daraja don a ɗaga wata. Da na ji cewa bayan an gama ɗaukar fim ne aka koma aka saka ta a madadin wani dodo mai ƙaho, ban yi mamaki ba, don ɗinkin yana nunawa. Da kuma na tuna an yi mata fim nata na kanta a 2018, sai na ji kamar talla aka sa ni kallo ban sani ba.

Kuɗi ma ina jin suna da hannu. Na farko dala miliyan 20 aka kashe masa, wannan miliyan 40, kowannensu kuma ya kawo sama da miliyan 300. Mai kuɗi kaɗan dole ya yi dabara. Abin da ya fi razana ni a na farkon tafi ne kawai, hannuwa biyu da suka fito daga duhu a bayan uwar tana riƙe da ashana. A na biyun an samu halin cika ɗaki da gicciye a sa su juye ɗaya bayan ɗaya, a cika ɗakin ƙarƙashin ƙasa da ruwa, a saukar da aradu. Wasu sun yi kyau. Amma in aka yi ta buga maka ganga a kunne, tun kana zabura har ka saba.

Abin da ya fi ba ni haushi dai shi ne damar da aka yi wasa da ita. A ainihin lamarin Enfield, wanda ya ɗauki daga 1977 zuwa 1979, babbar tambayar ita ce: yaran nan gaskiya suke faɗa ko wasa suke da hankalin manya? Masu bincike na wata ƙungiyar nazarin irin waɗannan al'amura a Landan sun rabu biyu. Maurice Grosse ya gaskata, Anita Gregory ta ce shiri ne, kuma dukansu suna cikin fim ɗin. Har an nuna an kama Janet a kyamara tana farfasa kayan kicin da hannunta. Ka ga abin da zai sa mai kallo ya rasa tudun dafawa ke nan. To amma ta yaya zan yi shakka, alhali tun minti na ashirin an nuna mini komai da idona? Su Ed suna ta kai-kawo ko gaskiya ne ko ƙarya, ni kuwa ina zaune ina jiran su iso inda na daɗe da zuwa. Ita kuma Anita aka mai da ta mai taurin kai kawai, alhali tambayoyinta su ne na mai hankali. Ga shi kuma an ɗora su Warren a tsakiyar labarin kamar su suka ceci gidan, bayan a zahiri ɗan leƙowa suka yi suka koma. Gishirin ya yi yawa.

Mun tsayar da fim ɗin sau ɗaya, daidai inda Ed ya ɗauki jita ya rera wa yaran waƙar Elvis Presley. Ni na ce ga inda minti ashirin ɗin da aka ƙara suka tafi. Auta ta harare ni. "Haba Yaya, yaran nan tun fara fim ba su yi dariya ba. Ka bar su mana." Na yi shiru, don ta fi ni gaskiya. Da na sake tunani, wurin nan da wanda Lorraine ta zauna da Janet a kan lilo, yarinyar tana faɗin yadda kowa ya guje ta har ƙawayenta, su ne suka sa na damu da abin da zai same su. A finafinan tsoro da yawa mutanen ciki layi kawai suke bi ana kashe su, ko sunansu ba ka riƙewa. Nan na riƙe har na ƙaramin, Billy, mai in'ina, wanda motarsa ta kashe gobara ta dawo masa ita kaɗai daga cikin tanti.

Ƙarshen kam ba sai na daɗe a kansa ba. Su Ed sun kama hanyar tafiya, a jirgin ƙasa suka haɗa kaset biyu na muryar tsohon saƙo ya fito, aka juyo a guje cikin ruwan sama, aradu ta tsaga bishiya ta bar kututture mai tsini a ƙasan taga, Ed na reto yana riƙe da yarinya. Lorraine ta tuna ta taɓa rubuta sunan aljanar a cikin Baibul ɗinta, ta kira sunan, aljana ta ɓace. Aljanar da ta sha wahalar tsallaka teku, ita da kanta ta ba da sunan da za a kore ta da shi. Auta ta ce, "Shi ke nan?" Na ce shi ke nan.

Muna shirin tashi sai rubutun ƙarshe ya fara hawa, aka sako hotunan mutanen na gaskiya da ainihin muryar da aka naɗa a kaset a wancan lokaci, wata murya mai kaushi, a shaƙe, tana fita daga bakin yarinya. Auta ta miƙe ta ɗage labulen da ke sake, ko kallona ba ta yi ba.

Bayan ta shiga ɗakinta na koma ni kaɗai na sake kallon wurin ruwan nan sau biyu, wai in gano daidai lokacin da siffar ke sauyawa. Ban kama shi ba. Wautar da na yi ke nan, don yanzu teburin da nake rubutu a kai bango yake fuskanta, kujerar lungu kuma tana bayana da tulin wankin da ban ninke ba. Ta gefen ido tulin ya yi kafaɗu. Sau huɗu ina waiwayawa tun da na fara shafin nan, kuma ko sau ɗaya sistar ba ta faɗo min a rai ba.

Waya ta yi ƙara yanzu. Auta ce, daga ɗakin da ke jikin nawa: "Yaya ka yi barci? Kar ka kashe fitilar baranda."

Na amsa mata cewa ban kashe ba. Bari in tashi in ninke kayan nan, in ja kujerar in kai ta falo.