Godiya bayan sunan ɗiyarmu

Assalamu alaikum warahmatullah. Ranar Asabar da ta gabata aka raɗa wa ɗiyarmu suna a gidanmu da ke Tudun Wada a Gusau, shekara 7 bayan aurenmu, kuma tun da baƙi suka watse nake neman sararin da zan rubuta wannan godiya. Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda ya ba mu ita a lokacin da ya so.

Da yawa daga cikin waɗanda suka zo barka ba su san abin da ya jinkirta mini haihuwa ba, kuma ba zan iya gode wa mutanen da suka tsaya mini ba sai na faɗe shi. A shekara ta biyu da aure al'adata ta fara tsallake wata, daga baya ta ɗauke gaba ɗaya, sannan ruwan nono ya riƙa tsattsafo mini, har sai na naɗe ƙyalle na sa a ƙirji kafin in shiga aji, don kada ɗalibaina su ga jiƙa a rigata. Kowa ya ce ciki ne. Da awon fitsari ya nuna babu komai, sai aka ce ai cikin ne ya kwanta. Shekara 3 na yi ina shan jiƙo da sassaƙe domin a tayar da cikin da babu shi, ga alluran sanyi a kemis, ga wani mai magani da ya karɓi kuɗin zobena da alkawarin wata biyu. Na yafe masa, amma har yanzu ina jin zafin waɗannan shekarun.

Mutum ta farko da zan gode wa ita ce ƙanwar maigidana, ma'aikaciyar jinya, wadda ta same ni ina wanke ƙyallayen nan ta ce, "Yaya, nono ba ya kawo ruwa babu dalili, ki shirya gobe mu je a auna jininki." Ita ta raka ni Cibiyar Kiwon Lafiya ta Tarayya da ke nan Gusau.

Likitar mata da ta duba ni, Allah ya saka mata da alheri, ta ɗauki biro ta zana mini kan mutum a bayan katina. Ta nuna mini wata 'yar halitta a ƙarƙashin ƙwaƙwalwa mai suna fituwitari, wadda girmanta bai wuce ƙwayar wake ba, ta ce ita ke fitar da sinadarin furolaktin mai sa nono ya kawo ruwa bayan haihuwa. Idan sinadarin ya yi yawa a jinin macen da ba ta shayarwa, jikinta yakan zama kamar na mai goyo, ƙwai ya daina fita, al'ada ta ɗauke, ciki kuma ya ƙi shiga. Kafin ta yanke hukunci sai da ta tambayi magungunan da nake sha, domin wasu magungunan tashin zuciya da na taɓin hankali suna ɗaga shi, ta kuma sa aka auna tayirod, halittar nan ta gaban wuya da kumburinta ake kira maƙoƙo, domin raunin aikinta ma yana jawo hakan. Ta nemi a auna maniyyin maigidana, shi kuwa bai yi musu ba, alhali na san maza da yawa da suke ɗaukar wannan awo cin fuska. Baban Yarinya, wannan kaɗai ya isa in gode maka har ƙarshen raina.

Daga nan aka tura mu Sakkwato ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa. Ina godiya ga yayana da ya ajiye kasuwarsa ya tuƙa mu ta hanyar Talata Mafara, a lokacin da kowa ya san halin da hanyoyinmu suke ciki. Hoton ya nuna ɗan ƙari da bai kai milimita 10 ba a fituwitarin, aka kuma tabbatar mini ba ciwon daji ba ne, ba ya buƙatar tiyata. Na fara da ƙwayar buromokiriftin mai rage furolaktin a jini, ta riƙa sa ni jiri da tashin zuciya ko da na sha ta da abincin dare, sai aka mayar da ni kan kabagolin, sau biyu a mako. Ranar da na sake ganin al'adata na yi kukan da ban yi ba ranar da aka kai ni ɗakin miji. Da ciki ya shiga, likita ta dakatar da maganin, ta ce in na ji matsanancin ciwon kai ko ganina ya ragu in zo nan take, kuma Allah ya tsare.

Hajiya surukata, ba ki taɓa bari a kira ni juya a gabanki ba, kuma ke kika riƙa tuna mini ranakun shan magani kamar ke ce mai ciwon. Allah ya ƙara miki lafiya da nisan kwana. A ɗakin jiran likita na haɗu da mata daga Ƙaura Namoda da Tsafe, wasu masu irin larurata, wasu kuma tasu ta ƙananan ƙulli a ma'ajiyar ƙwai ce, mai zuwa da ƙiba da gashin haɓa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a 2023 cewa kusan mutum 1 cikin 6 yana fuskantar matsalar rashin haihuwa a rayuwarsa. Ina roƙon duk 'yar'uwar da al'adarta ta ɗauke ko nononta ke kawo ruwa babu goyo ta je a auna jininta, kada ta yi jinkirin da na yi.

Ina godiya ga ungozomomin da suka karɓi haihuwata, da malaman makarantarmu da suka riƙe mini azuzuwana, da maƙwabtan da suka kwana girkin suna, da Innata da ta taso daga Gummi take dafa mini ruwan wankan jego tun asuba. Wanda ban ambata ba ya yi mini afuwa. Likita ta ce in shayar da yarinya yadda kowace uwa take yi, bayan yaye kuma in koma a sake auna jinina, don haka ina roƙon ku ci gaba da sa mu a addu'a.