Ranar da aka tambaye ni abin da nake ji

Talata, bayan isha'i.

Tun ƙarfe uku da rabi na dare cikina ya tashe ni. Kafin a kira assalatu na zaga sau huɗu, biyu a ciki da jini. Ruwan buta ya yi sanyi ƙalau saboda hunturu, ga shi babu wuta, sai da na ɗora wani a gas. Na jawo ɗan littafin da nake ajiyewa a ƙarƙashin matashi na rubuta yadda likita ya ce in riƙa yi: ƙarfe nawa, sau nawa, da jini ko babu. Wannan shi ne littafi na biyar tun 2021.

Maigida ya juyo cikin barci ya ce, "Ya jikin?" Na ce, "Da sauƙi." Ya koma barcinsa. Ban ga laifinsa ba, abin da na miƙa masa ne ya karɓa.

Yau ranar ganin likita ce, don haka na nemi izini a makaranta tun jiya. Na ƙirga ƙwayoyin prednisolone, maganin rage kumburi, a tafin hannuna, guda bakwai, ƙanana farare masu ɗan karen ɗaci. Da guda takwas na fara, wato miligiram 40, kowane mako ana rage ɗaya. Na haɗa da mesalazine, shi ma na kumburin hanji, na kora da ruwan ɗumi da ɓallin burodi, don ba a shan prednisolone da yunwa. Iyakar karin kumallona ke nan duk ranar da zan fita.

Cutar tawa ulcerative colitis sunanta. Idan na ce wa mutane gyambon hanji sai su ce, "Au, olsa ce? Ai kowa na da ita, ki daina zama da yunwa." Ba ita ba ce. Garkuwar jikina ce take far wa babban hanjina, ya kumbura ya yi ta zubar da jini. Tana da 'yar'uwa, cutar Crohn, wadda ita tana iya kama ko'ina daga baki har dubura. Dukansu suna lafawa su sake tashi. Kusan shekara uku na yi ana ce min atini ne, ana ce min basir ne, ana ce min taifot ne. Na sha Flagyl har bakina ya koma ɗanɗanon ƙarfe, na sha jiƙe-jiƙe iri-iri, kafin a zura min na'urar leƙa hanji a ga abin da ke ciki.

A hanyar asibiti babu banɗakin da ban sani ba. Na gidan mai, na masallacin da ke bayan kasuwa, gidan ƙanwar Ummata idan abin ya matsa. A adaidaita sahu nakan zauna a gefe, in rungume jakata, ga zani na canji a ciki da leda da sabulu. Wasu na kallon gari, ni ina ƙirga tazarar da ke tsakanin wannan banɗaki da na gaba.

Muna zaune a benci muna jiran a kira kati sai ga wata matashiyar likita da takardu a hannu. Ta gaishe ni da ladabi, ta ce, "Anti, ina wani bincike ne a kan masu irin ciwonku. Idan kin amince zan yi miki tambayoyi 20, ba a kan hanji ba." Na ce bismilla. Tana karanta jimla da Turanci, ta fassara min da Hausa, ni kuma in zaɓi lamba daga 1 zuwa 5, gwargwadon yadda maganar ta dace da ni.

Na farkon na amsa da sauri, irin ta malamar makaranta da ta saba da takardar jarrabawa. Can ta zo kan wata ta ce, "Idan hankalinki ya tashi, ba kya iya rabewa ko baƙin ciki ne, ko tsoro, ko fushi."

Na ce, "Cikina ne yake murɗawa."

Ta ce, "To, wannan jiki ke nan. A zuciya fa, me kike ji?"

Na buɗe baki, babu abin da ya fito. Wallahi ba kunya ce ta hana ni ba, kuma ba ɓoyewa nake yi ba. Na leƙa ne ban tarar da komai ba. Na zuba wa biron hannunta ido, shuɗi ne, an tattauna murfinsa. Ina jin muryar mai kiran kati, ina jin kukan wani yaro a baranda. Da za ta tambaye ni sau nawa na zaga ranar Alhamis ta makon jiya, da na buɗe littafi na faɗa mata har da minti. Amma me na ji a ranar? Ban sani ba. Na ce mata, "Alhamdu lillahi dai." Ta yi murmushi ta ce, "Alhamdu lillahi. Wace lamba zan sa?" Na ce ta sa 5.

Da muka gama ta haɗa lissafi, 64 ya fito. Ta ce daga 61 zuwa sama ana ɗaukar mutum yana shan wuya wajen gane abin da yake ji da kuma faɗinsa. Abin har suna gare shi, aleksitimiya. Wani likitan ƙwaƙwalwa a Amurka, Peter Sifneos, shi ya ƙirƙiri kalmar a farkon shekarun 1970 daga harshen Girka, ma'anarta rashin kalmomin da za a faɗi abin da ke zuciya. Tambayoyin kuma a Toronto ta Kanada aka tsara su, aka fitar a 1994. Ta jaddada min cewa ba taɓin hankali ba ne, ba ma cuta ba ce a karan kanta. Hali ne da ake samu a cikin mutane, wani kaɗan wani da yawa, kuma ana yawan ganinsa ga masu ciwon hanji irin nawa. Ta ce a 2021 an tattara bincike masu yawa daga ƙasashe daban-daban, aka ga kusan mutum ɗaya cikin uku na masu wannan ciwo yana da alamun fargaba mai yawa, ɗaya cikin huɗu kuma alamun ciwon damuwa, kuma adadin yana ƙaruwa lokacin da ciwon ya tashi.

Nan take na ji fuskata ta ɗauki zafi. Na ce, "Likita, kina nufin ni na jawo wa kaina?" Don wannan maganar na sha ta a wurin dangi har na ƙoshi. "Ke dai kin cika sa abu a rai." "Zurfin ciki ne zai kashe ki." Ta girgiza kai ta ce a'a, damuwa ba ta haddasa wannan ciwo. Amma hanji da ƙwaƙwalwa suna aika wa juna saƙo dare da rana, ta wata doguwar jijiya da ake kira vagus da kuma ta sinadaran da ke yawo a jini. Kumburin hanji yana iya dagula zuciya, zuciya idan ta dagule tana iya ƙara wa hanji wahala. Ga ƙarancin jini da ke kawo kasala, ga prednisolone da kansa yana hana barci yana sa saurin fushi.

Ɗazu da yamma na bincika a waya, na ga ashe tsoron nawa yana da asali. A 1950 wani likita a Chicago, Franz Alexander, ya sa wannan ciwo cikin cututtuka bakwai da ya ce rikicin zuci ne tushensu. Likitoci sun daɗe da barin wannan ra'ayi. Na yi ta tunanin mutanen wancan zamani, suna zubar da jini ana ce musu halinsu ne.

Babban likita bai ɗau lokaci ba. Ya duba littafina, ya rubuta gwajin jini da na bahaya, ya ce in ci gaba da rage maganin yadda aka tsara, in dawo bayan mako huɗu. Matashiyar ta biyo ni har bakin ƙofa ta ba ni wata 'yar takarda, ta ganin masanin halayyar ɗan'adam. Na ninke ta huɗu na tura can ƙasan jaka, ƙarƙashin zanin. Na san abin da za a ce a gidanmu idan aka ji na taka wancan sashen.

A hanyar dawowa ne wani abu ya faɗo min, har yanzu bai sake ni ba. Mu Hausawa a ciki muke ajiye komai. Murna farin ciki ce. Ɓacin rai baƙin ciki. Wanda ya tsorata cikinsa ya ɗuri ruwa, ko 'ya'yan hanjinsa sun kaɗa. Mai ɓoye damuwarsa mai zurfin ciki ne. To ni da cikina bai taɓa yin shiru ba shekara da shekaru, ta ina zan bambance? Idan ya murɗa da safe kafin in shiga aji, kumburi ne ko tsoro? Idan ya yi nauyi bayan an yi min magana mai zafi, abincin da na ci ne ko maganar? Duk na tattara su na kira su ciwo, na rubuta su a layi ɗaya. Ina ganin tun ban kamu ba ina da wannan halin, don ni ce babba a ɗakinmu, ni ake ce wa "ke ce mai haƙuri". Ciwon da ya zo sai ya ba ni inda zan riƙa zuba komai.

Da la'asar autata ta kifar da kofin kunu a kan tabarma. Abu kaɗan. Na daka mata tsawar da ni kaina sai da na firgita. Ta tsaya ƙiƙam, kunun na bin yatsun ƙafarta, ta ce, "Umma, fushi kike yi da ni?" Shekararta bakwai, ta iya tambayar da na kasa amsa wa likita.

Na ce ta je ta wanke ƙafa. Na zauna a bakin gado na ce yau sai na gano ko mene ne wannan. Fushi ne? Na auna, bai zauna ba, yarinyar ba ta yi min komai ba. Maganin ne? Yana da hannu, amma ba shi kaɗai ba. Sai na tuna tun azahar, da ƙanwata ta kira ta ce bikin 'yar kawu ranar Asabar ne a Zariya kuma Gwaggo ta ce kada in kuskura in ƙi zuwa, ƙirjina yake a ɗaure. Tafiyar mota, gida cike da mata, banɗaki ɗaya da layi a bakinsa. Daga nan tunanina ya zarce inda ba na bari ya je. Shekara biyu da suka wuce, ina tsakiyar darasi a gaban ɗalibai, ban kai banɗaki ba. Na ja hijabina na rufe, na fita da baya-baya, na wanke kayana a famfon bayan ofis ina rawar jiki. Ban faɗa wa kowa ba. A littafi, ranar, abin da na rubuta kawai shi ne: ƙarfe 11, sau ɗaya, da jini.

Tsoro ne. Tsoron tozarta. A ƙarƙashinsa kuma akwai baƙin cikin matar da nake a da, wadda take kwana gidan biki tana tuƙa tuwon mutum hamsin. Da na kira su da sunansu sai hawaye ya zo, irin wanda rabona da shi tun ranar da aka faɗa min sunan cutar. Cikin bai daina ciwo ba. Amma na san wane ɓangare ne na hanji, wane ne ba nasa ba.

Na daɗe ina ɗauka cewa faɗin irin wannan rashin tawakkali ne. Yau na tuna Annabi Yaƙub, alaihis salam, a cikin Suratu Yusuf. Shi ne ya ce haƙuri mai kyau, kuma shi ne ya ce yana kai ƙarar damuwarsa da baƙin cikinsa ga Allah. Ya san abin da ke damunsa, har ya ambace shi. Ni shekara nawa ina ɗaga hannu ina roƙon lafiyar hanji kawai, don ita kaɗai na san sunanta.

Na kira auta na ɗora ta a cinya na ce, "Ba da ke nake ba, 'yar albarka. Tsoro nake ji, shi ya sa na yi miki tsawa. Ki yafe min." Ta ce, "Tsoron me?" Na ce, "Tafiya." Ta ce ita ma tana tsoron babbar mota. Muka goge tabarmar tare.

Da maigida ya dawo daga masallaci ya ce, "Ya jikin? Me likita ya ce?" Bakina har ya kama hanyar "da sauƙi", na tare shi. Na ce, "Malam, jikin ga shi nan dai. Amma ina jin tsoron tafiyar Asabar." Ya tsaya da hula a hannu, ya dube ni kamar bai taɓa jin muryata ba. Ya zauna. Ban ba shi labarin ajin ba, ban kai nan ba tukuna. Na dai ce masa hanyar ce da banɗakin gidan biki. Ya yi shiru, sannan ya ce zai ari motar yayansa ya kai ni da kansa, mu tsaya duk inda na ce, mu juyo a ranar. Ya ce, "Me ya sa ba ki taɓa faɗa min ba?" Na ce ni ma yau na sani.

Na ciro takardar daga ƙasan jaka na warware ta, na sa a cikin littafin. Ranar Litinin suke ganin mutane. Ban yanke shawara ba.

A shafin yau na ja sabon layi da rula a gefen dama, kusa da na jini. Yau na zaga sau bakwai, uku da jini. A sabon layin na rubuta: tsoro, baƙin ciki, sai kuma wani abu mai sauƙi da na ji lokacin da Malam ya zauna, wanda ban samo sunansa ba tukuna. Na bar masa fili.